Gonar da Na Rubuta wa Ƙane

Kafin in shiga aikin kamfanin nan, ni ne masanin kwamfuta na Tambuwal gaba ɗaya, har da ƙauyukan kewaye. Ba ni na naɗa kaina ba, mutane ne suka ɗora mini. Ina da ɗan shago kusa da tasha, kwamfuta ɗaya, injin hoto ɗaya mai tari kamar tsohon da ya shekara hamsin yana shan taba, da janareta wanda sai an haɗa shi da girman iyayensa kafin ya tashi. A nan nake buga wa mutane takardu, ina cike wa ɗalibai fom, ina nemo wa tsofaffi lambobin da suka ɓace musu a waya. Wata rana wayar wani Alhaji ta sandare, na kashe ta na sake kunnawa, ta dawo daidai. Tun daga ranar sunana ya koma Injiniya. Ban musa ba. Wa zai ƙi rawanin da ya zo har gida?

Sai zamani ya juya mini baya. Kowa ya sami waya mai shafawa, ɗalibi yana kwance a tabarma zai cike fom ɗinsa da kansa. Shagon da a da sai an yi layi ya koma majalisar ni da ƙudaje. Shi ya sa da na ji wani kamfanin fasaha yana neman ma'aikata a yankinmu ban tsaya shawara da kowa ba. Aikin, yadda aka rubuta shi, shi ne a yi wa manoma rajista a na'ura, a auna gonakinsu, daga baya kamfani ya riƙa aiko musu da saƙon lokacin saukar ruwa da lokacin shuka, ya kuma haɗa su da iri mai kyau. Na ce wannan ai lada ce aka ɗora wa albashi.

Wata mata ce ta kira ni, da Turanci mai gudu kamar katinta zai ƙare. Tambaya uku ta yi: ina da babur, na iya babbar waya, ina jin Hausa? Na ce babur akwai, waya ni ne likitanta, Hausa kuwa ina ɗan taɓawa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce an ɗauke ni. Na sha daɗewa fiye da haka a cinikin albasa.

Bayan mako guda direban motar Sakkwato ya miƙo mini kwali a tasha. Na kai gida na buɗe a gaban iyali kamar kayan lefe. A ciki akwai kwamfutar hannu, faffaɗa kamar allon karatu, da caja, da hula mai baki, da wata riga marar hannu mai ƙyalli, wadda in ka sa ta a Tambuwal za a hango ka daga Sanyinna. Na zazzage kwalin, na kife shi, na leƙa cikin ledar da aka naɗe allon. Babu wasiƙa, babu littafin bayani, babu ko sannu da zuwa.

Maiɗakina ta ce, "To Injiniya, ina aikin?"

Na ce, "Yana ciki. Irin namu ba a rubuta shi a takarda."

Na kunna. Allon ya nemi lambar sirri. Babu wanda ya ba ni lambar sirri. Ta kalle ni, ta kalli allon, ta koma kan tukunyarta, kuma wannan kallon ya fi mini zagi zafi.

Kwana huɗu na yi ina neman lambar kafin a turo mini ita. A cikin kwanakin aka jefa ni wani gurup a waya, mai mutane kamar ranar kasuwa, kowa na magana, babu mai sauraro. A nan na gane ogogi uku ne a kaina, kuma har na bar aikin ban ga fuskar ko ɗaya ba. Na farko hoton da ke kan lambarsa zaki ne, na biyu mota, ta uku fure, don haka da sunayen nan na san su. Zaki ya ce a fara auna gona sannan a ɗauki hoton manomi. Mota ya ce duk wanda ya auna kafin hoto, aikinsa bai shiga ba. Fure kuwa kullum da safe sai ta aiko da kalaman ƙarfafa gwiwa, ta tuna mana cewa mu duka iyali ɗaya ne.

An dai ce za a yi mana horo ta bidiyo. Ranar da aka sa, sabis ya ɗauke a unguwarmu. Na zagaya gida da allon a sama kamar mai neman wata, da ya dawo sai na tarar ana cewa mun gode da halartarku. Na roƙi a turo mini abin da aka koyar. Zaki ya turo hoton babban yatsa. Washegari na sake roƙo, ya sake turo yatsa. Yatsun nan na tara su da yawa a tsawon aikin, da ana sayensu da yanzu na gina bene.

Amma in gaskiya zan faɗa, sau biyun nan kaɗai na tambaya. Mutumin da gari ke kira Injiniya ba ya son a gan shi a gaban jama'a yana tambayar inda ake dannawa. Na ce a raina, na'ura ce fa, ni da na gyara wayar Alhaji. Na zauna na yi ta latse-latse har na gano hanya da kaina. Ka rubuta sunan manomi, ka sa lambar wayarsa, ka ɗauki hotonsa yana tsaye cikin gonar, sannan ka bi iyakar da ƙafa, allon yana zana layi. Gona ɗaya, suna ɗaya, lamba ɗaya, fuska ɗaya. In babu lambar waya ba ya matsawa gaba ko Yasin za ka karanta masa.

Kowace yamma kuma ana liƙa jerin sunayen ma'aikata a gurup. Wanda ya fi yawan gonaki yana sama da kore, na tsakiya ruwan ɗorawa, na ƙasa ja. Sunana ya zauna a ja har na fara zaton a can aka yanka mini ragon suna.

Ɓangaren Kebbe aka ba ni, kuma na ji daɗi, don mahaifiyata 'yar wajen Fakku ce. Ƙaninta, kawuna, yana nan da ransa a wani ƙauye kusa da can, mutum ne da in ya yi magana ake saurare. Manomi ba ya nuna wa baƙo iyakar gonarsa haka kawai. Kawu ne ya miƙe bayan an sallame sallar azahar ya ce, "Jama'a, wanga ɗan yayata ne. Ba haraji ya kawo ba, ba ƙwace ya zo ba. Ku nuna mai gonakinku. In wani abu ya ɓaci, ni za ku tambaya." Ina tsaye a gefensa cikin rigata mai ƙyalli, ina gyaɗa kai kamar na san abin da na zo yi.

Wanda ya tsara allon nan, ina jin bai taɓa ganin gandu ba. A wajenmu babbar gona ba ta mutum ɗaya ba ce. Uba ya rasu, 'ya'ya ba su raba ba, suna noma tare a ƙarƙashin babban wa. Shi ke cewa yau shuka, gobe noman farko, shi ke fitar da hatsi ga kowane ɗaki. Sannan babban wa ba ya tashi cikin zafin bazara ya raka baƙo zagayen gona, girmansa ya wuce haka. Ƙane yake turawa. Kuma kusan ko'ina ƙanen ne mai waya.

Gidan da labarina ya faɗa kansa na 'yan'uwa biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yayan dattijo ne siriri marar yawan magana, aminin kawuna, yana da 'yan shanunsa da yake ji da su. 'Ya'yansa mata ne duka, sun yi aure sun tafi. Ƙanen sa'ana ne, mai fara'a, Allah ya ba shi maza biyar, ƙarti, su ne ƙarfin gandun yanzu. Sun haura shekara ashirin suna noma gonar ubansu tare, ba a taɓa jin kansu ba.

Na tarar da dattijon a gindin bishiya yana tufka igiya. Muka gaisa, aka kawo mini fura, ya ce wa ƙaninsa, "Raka Injiniya shi ga gona." Gonar da nisa. Kafin mu isa, gumin da na yi ya isa a yi ban-ruwan albasa. Na fito da allo.

"Sunan wa zan sa?"

"Sa na Yaya mana."

"Yana da waya?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaya da waya? Shi da ya ce duk mai son magana da shi ya san hanyar gidanai?"

"To ga hoto kuma. Allon yana son fuskar mai sunan, a nan cikin gona."

Ya waiwaya ya dubi ƙauyen can nesa, yana rawa cikin zafin rana. Ni ma na duba. Sannan na dubi agogo, na tuna akwai gona huɗu a gabana, na tuna jan layin nan na yamma.

Ya ce, "Ko mu koma mu ɗauko shi a babur ɗinka?"

Na ce, "Haba, a taso dattijo cikin wannan rana don hoto? Abin nan cike gurbi ne kawai, babu mai dubawa."

"To sa nawa, dut ɗaya ne. Ni da Yaya wa ya raba?"

Na rubuta sunansa. Ya gyara hula, ya riƙe ƙugu, ya ce in fito da shi da 'yar ƙiba, matarsa ta gani. Sannan muka bi iyaka, daga tushen gamba zuwa tsohuwar ƙirya, daga ƙirya zuwa bakin burtali, shi a gaba yana nunawa, ni a baya da allo a hannu ina ƙyalli. Wasu mata masu itace suka tsaya suna kallonmu. Wani mai amalanke ya rage tafiya, ya gaishe mu, ya wuce yana waiwaye. Na ɗaga masa hannu kamar ɗan takara.

Na sani sarai cewa a ƙauye ba a bin iyakar gona taku-taku tare da baƙo sai in sayarwa za a yi ko rabon gado. A ƙasar nan aka haife ni, ba daga jirgi na faɗo ba. Amma ranar abin bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Lissafina yana kan gona ta gaba. Da yamma sunana ya tashi daga ja ya hau ruwan ɗorawa, Fure ta turo mini hoton tafi, na ci tuwo malmala uku don murna.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, bayan an duba rajista, na'urar kamfani takan aika wa kowace lamba saƙo da kanta. Saƙon da Hausa yake, gajere: an tabbatar da kai a matsayin mamallakin wannan gona, girmanta kaza. Ƙanen ba ya karatun boko. Da safe saƙon ya shigo yana teburin mai shayi, ya yi abin da kowa ke yi, ya miƙa wa wani malamin firamare ya karanta masa. Malamin ya karanta da ƙarfi, irin karatun aji. Aka ce ya maimaita, ya maimaita. Mai amalanken nan yana wurin da kofinsa a hannu. Kafin shayi ya huce labari ya isa gindin bishiyar dattijo.

Ina shago kawu ya kira ni.

"Kawu, ina wuni?"

"Aje gaisuwa. Mi ka yi muna?"

"Ni? Aiki dai nake, Kawu."

"Gobe da sassahe in gan ka."

Da na je na tarar ba gida ɗaya ba ne. Duk inda aka haɗa ni da ƙane, ƙanen na rubuta. A mako biyu na tuɓe rabin dattawan ƙauye daga gonakin iyayensu na naɗa ƙannensu, abin da ko Bature bai yi ba. Yawancin gidajen dariya suka yi. Wani dattijo ma cewa ya yi wa ƙaninsa, "To mai gona, daga yau kai ka ciyar da mu." Amma a gidan 'yan'uwan nan biyu babu wanda ya yi dariya. Kawu ya zaunar da ni ya yi mini bayani. An daɗe ana 'yan maganganu a gari, cewa tsoho ba shi da namiji, ƙarfinsa ya ja baya, gonar nan ko ba daɗe ko ba jima ta masu ƙarti ce. Babu wanda ya taɓa faɗa a fili. Sai ga shi an ga ana bin iyaka, sai ga shi waya ta faɗa.

Dattijon ya daina fitowa zaure cin abinci da ƙaninsa. Ya aika wa kawu da liman cewa a zo a raba gonar kafin ruwa ya sauka, tunda an riga an auna. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma. In aka raba, tsoho zai tashi da kason da ba shi da hannun nomawa, kuma gidan da aka sani ɗaya zai zama biyu.

Na sami ƙanen a bayan gida, zaune a kan turmi, wayar tana ƙasa nesa da shi kamar kunama.

Ya ce, "Injiniya, ka kashe ni."

Na fara, "Ai kuskuren na'ura ne..."

"Da Yaya ya zage ni da na ji sanyi. Da ya mare ni ma. Na je in yi mai bayani, ya dube ni ya ce, Allah shi sanya albarka. Shi ke nan abin da ya ce."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, yanzun nan zan sa a gyara. Da bakin Injiniya na faɗa, kuma ya yarda.

A ƙauyen wuri ɗaya ake samun sabis, kan wani suri a bayan makaranta. Na hau na kira Zaki. Ya ce in shigar da ƙorafi ta cikin allon. Na ce ta ina ake shiga? Ya ce an nuna a horo. Na kira Mota. Ya ce rajistar da aka tabbatar ba ta canzuwa, an kulle ta, kuma saƙon ba shi da wani ƙarfi a shari'a, in ce musu su share kawai. Na ce, ranka ya daɗe, an karanta shi a teburin mai shayi. Ya ce bai gane abin da shayi ya kawo cikin maganar ba. Na kira Fure. Ta ce ta ji zafin abin da nake ji, ta kuma tuna mini cewa yau ban shigar da gona ko ɗaya ba. Na roƙe su ɗaya bayan ɗaya su ba ni takarda guda, mai hatimi, da ke cewa rajistar nan ba shaidar mallaka ba ce. Kowa ya ce ba sashensa ba ne. Na daɗe a kan surin nan har gara ta fara ɗaukata ɗan gida.

Na sauko ina tsine musu. Yanzu da na yi nisa da abin, ba na ganin su a matsayin mugaye. A kira na ƙarshe Zaki ya yi ajiyar zuciya, muryarsa ta sauka, ya ce shi ma watansa biyu a kamfanin, kuma wanda ya gada bai bar masa ko layi ɗaya a rubuce ba. Wato shi ma kwali aka miƙa masa. Kamfanin yana gudu ne, kowa an ce ya kama gudu, babu wanda aka ba aikin tsayawa ya nuna wa na baya hanya.

A hanyar dawowa tayata ta yi faci a Dogon Daji. Ina zaune wurin mai faci sai ga wata mata ta sauko daga mota da riga irin tawa a kan hijabi. Muka gane juna, ai ba a ɓoye rigar nan. Ita ke da wannan ɓangaren. Na ba ta labari, na ƙara gishiri inda ya kamata don laifin ya fi karkata wajen na'ura. Ta karɓi allona, ta ɗora yatsa a kan gurbin suna, ta danne ba ta ɗaga ba. Sai ga wani ɗan jeri ya buɗe: gonar mutum ɗaya, gonar iyali, gonar aro. In ka zaɓi ta iyali, sai ya ba ka wurin sunan babba, da wurin lambar wanda za a riƙa aika wa saƙo a madadinsa, hoto ma ba dole ba ne. Abin bai kai tsawon atishawa ba.

Na ce, "Wa ya nuna miki?"

"A bidiyon horo. Kai ba ka gani ba?"

"Sabis ya ɗauke. Na ce su turo mini."

"Sau nawa ka ce?"

Na juya na tambayi mai faci ko ya kusa gamawa.

Ta nuna mini inda ake shigar da ƙorafi, muka shigar tare, amma ta gaya mini gaskiya, wanda aka kulle an kulle. Kada in sa rai kafin damina.

Washegari bayan azahar aka zauna a zauren dattijon: shi, ƙaninsa, kawu, liman, da ni. Rigar ƙyalli na bar ta a gida. Tun daga Tambuwal nake shirya jawabi a kan babur, jawabi mai kyau, wanda a cikinsa laifin ya rabu tsakanin na'ura, sabis, da mutanen birni da ba su san ƙauye ba. Duk gaskiya ne kuma. Amma da na zauna na ga dattijon yana kallon tabarma, ƙaninsa can bakin ƙofa kamar baƙo a gidan ubansa, sai na ga jawabin ba zai wanke wanda ya kamata a wanke ba.

Kawu ya ce, "Faɗa musu."

Na ce, "Baba, ban san aikin ba. Sunan Injiniya kawai gare ni. Da muka isa gona na tambayi sunan wa zan sa, ƙaninka ya ce naka. Da na ce ana son hoto, ya ce mu koma mu ɗauko ka. Ni na hana, don ina sauri, ana auna mu da yawan gonaki. Na ce masa cike gurbi ne, babu mai dubawa, alhali ban san ko ana dubawa ba. Akwai wurin da ake rubuta gonar gandu da sunan babba, jiya na san da shi, a wurin mai faci. Saƙon nan ban san za a aiko shi ba. Kuma na ce zan gyara, na kasa."

Ina jin saniya na tuƙa a bayan danga. Dattijon ya ɗago kai.

"Wa ya koya maka wanga aiki?"

"Babu kowa, Baba."

"Anka ba ka abu, anka ce tahi?"

"Haka ne."

"Kai ko ka taho."

"Na taho, Baba."

Ya ce, "Mu nan, in za mu sa ma sabon sa garma, ba mu ɗaura mai shi kaɗai. Sai mu haɗa shi da tsohon sa, su yi kwanaki suna tahiya tare, in ya karkace tsohon shi jawo shi. Wanda ya ɗaura ma sabon sa garma shi kaɗai, in huɗa ta karkace ba shi da bakin zagin san."

Na ji wani sanyi ya fara ratsa ni, na buɗe baki zan yi godiya.

Ya ce, "Amma kai ba sa ba ne, Injiniya. Kana da baki."

Liman ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kawu bai ɓoye tasa ba. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har da babur.

Dattijon ya juya wajen ƙofa. "Ka ce a sa sunana?"

"Na ce, Yaya."

"To matso ciki, mi kake yi bakin ƙofa?"

Ƙanen ya matso, yana share ido da hannun riga. Liman ya ce alhamdu lillahi, maganar rabo ta wuce ke nan? Dattijon ya ce ta wuce, a shuka gonar yadda aka saba. Na zaci an gama, har na fara neman takalmina da ido. Sai ya ƙara magana, a hankali, ba da ni yake ba, ba kuma da ƙaninsa ba, kamar da tabarmar yake.

"Ni ba saƙon ya dame ni ba. Da anka karanta shi, ba wanda ya yi mamaki."

Liman ya shafa fatiha muka tashi.

A makon ruwa ya sauka, suka yi shuka tare. Ni kuma na ci gaba da aiki har ƙarshen damina, ina danne gurbin suna a kowace gona, ina komawa gida in tambayi babba kafin in taka iyaka. Hakan ya mayar da ni ja, na zauna a can abina. Da aka aiko wa wani sabon ma'aikaci kwalinsa a tashar Tambuwal, na ɗauke shi a babur mako guda muna yawo tare, Mota ya tambaye ni wa ya ba ni izini. Ƙorafina kuwa bayan wata uku aka rufe shi, aka rubuto cewa an warware matsala. Babu abin da aka taɓa. Saƙon ruwa ya ci gaba da zuwa wayar ƙanen da sunan mai gona, shi kuma ya daina ba kowa ya karanta masa.

Da kaka na je gaida kawu, na biya gidan 'yan'uwan. A tsakar gida, kusa da tsohon rumbunsu, na ga wani sabo, ƙasarsa ko gama canza launi ba ta yi ba. Na ja kawu gefe.

"Kawu, ba an ce an fasa rabo ba?"

"Gona ɗaya ce har gobe. Tare sunka noma, tare sunka girbe. Shi babban ne ya ce a gina. Wai gara shi raba hatsi da hannunai tun shina da rai, kowa shi san nashi."

"Ƙanen fa?"

"Shi ya kwaɓa ƙasar."

Dattijon ya fito, muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi allo ko yana nan lafiya, na ce yana gaishe shi. Ya yi murmushi kaɗan. Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini damin gero a bayan babur, ƙaninsa ne ya ja igiyar ya ƙulle. Na yi godiya na tayar da babur. Ban tambayi daga wane rumbu aka ciro shi ba.